Ranar da Babur Ya Cinye Mini Harami a Mina

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ya san ni da zance ɗaya. Wata rana, in ji ni, zan ɗaure tanti a bayan babur, in bar Kano da tsakiyar bazara, in yi tafiyar da jikokina za su riƙa ba da labarinta. Hanyar ma na haddace ta: in leƙa madatsar ruwa ta Tiga, in keta dajin Falgore, in hau Jos ta Saminaka, in gangara Yankari in yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, sannan in rufe da hawan tsaunin Mambila har Gembu, inda aka ce mutum na neman bargo a lokacin da Bakano ke kwana a tsakar gida. Babur ɗin nawa dai bai taɓa wuce Kura ba. Amma addu'a ban fasa ba: Allah Ka nuna mini ranar da zan kwana a tanti, in hau babur tsakanin duwatsu, iska na kaɗa ni.

Ya kuwa nuna mini, har da iskar. Wurin ne kawai ban fayyace a cikin addu'ar ba.

A shekarar 2023, Allah Ya kira ni aikin Hajji, bayan na zube kusan naira miliyan uku da na daɗe ina tarawa. Ina cikin kujeru 95,000 da aka ware wa Najeriya, cikin alhazai sama da miliyan 1.8, karo na farko da aka buɗe ƙofa gaba ɗaya tun bayan korona. Ta fuskar tanti kam an ba ni fiye da abin da na roƙa. Mina kwari ne tsakanin duwatsu a gabashin Makka, an shimfiɗe shi da fararen tantuna sama da 100,000. Tun gobarar 1997, wadda ta ci rayuka fiye da 340, aka daina kafa na yadi, aka koma na wani abu da wuta ba ta ci, kowanne da na'urar sanyaya ɗaki. Ni da nake mafarkin kwana ni kaɗai ina ƙirga taurari, sai ga ni kwance da ƙafar wani mutumin Gaya a haƙarƙarina, ina ƙirga minshari.

Mu tsallake Arfa, inda aka ce zafi ya taɓa digiri 48. Mu tsallake Muzdalifa da kwanan kan tsakuwa. Mu je ranar Laraba, 28 ga Yuni, ranar Sallah.

Tantunanmu, mu 'yan gama-gari, suna can ƙarshen Mina ta wajen Muzdalifa, wurin jifa kuma yana ɗaya ƙarshen ta wajen Makka. Gadar Jamra hawa biyar ce, tsawonta mita 950, an sake gina ta bayan turmutsutsun 2006, kuma an tsara ta yadda ba a komawa ta inda aka shigo. Ka shiga ta nan, ka jefa tsakuwarka bakwai, ka fita ta can. Tsari ne mai kyau, ya ceci rayuka. Sai dai "can" ɗin da na fita ba shi ne "can" ɗin da ayarinmu ya fita ba. Na sunkuya gyara silifa, kafin in ɗago tutar da nake bi ta koma ta mutanen Indonesiya. Na bi ɗima har na wuce ƙaton allon da ke cewa nan Mina ta ƙare, na tsinci kaina a unguwar Aziziyya, waya ba caji, cinyoyi sun goge juna har sun yi tsami. Duk askar, wato ɗan sandan Saudiyya, da na nuna wa katina sai ya nuna mini gaba ya ce, "Yalla ya Hajj!"

Sai na ji Hausa a bayana.

"Baba Alhaji, ina za ka?"

Wani siririn saurayi ne a kan babur, ɗan Takari, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ya kama hannuna ya karanta lambar da ke jikin awarwarona, ya ce ya san wurin, riyal 100. Na buga lissafi da naira, na ga kuɗin zai kai ni Jos a mota ya dawo da ni, har in sayo dankali. Na nemi ragi. Ya ce babu ragi, kuma kuɗi a hannu, domin inda zai sauke ni ba wurin tsayawa neman canji ba ne. Ɗaukar alhazai a babur ba da izinin hukuma suke yi ba. In askar ya kama, babur ya tafi, wanda takardunsa ba su cika ba kuma shi ma ya bi bayan babur ɗin. Na dubi ƙafafuna, na dubi rana, na zuge bel na ƙirga masa.

Rabona da zama a bayan wani a kan babur tun Janairun 2013, da aka hana acaɓa a Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Shi kuma wannan babur ɗin mazaunin mutum ɗaya gare shi, bayansa kariya ce ta ƙarfe tsirara, ta sha rana. Na ɗora tafin hannu na janye da salati. Nan dabara ta zo mini: na cire mayafin haramina na sama, na ninka shi huɗu, na shimfiɗa. Yaron, da yake mai ladabi ne, ya ce kar ya zame, ya jawo robar ɗaure kaya ya tamke shi da kariyar tamau. Har albarka na sa masa. Ku riƙe wannan robar a ranku.

Ga wanda bai je ba tukuna, haramin namiji ƙyalle biyu ne farare marasa ɗinki, ɗaya a ɗaura a ƙugu, ɗaya a yafa. A ƙarƙashinsu babu komai. Malamin bita ya nanata mana wannan, ni ma ina nanata muku. Babu komai.

Muka ɗauki hanya, kuma dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin hanya irin wannan ba. Ya kutsa da ni lungunan Aziziyya, ya faɗa wani rami da aka fafe a cikin dutse, manyan fankoki na ruri a samanmu, sanyi ya dake ni har na ji daɗin duniya. Muna fitowa ya haye wata gada, sai ga kwarin gaba ɗaya a ƙasanmu. Duwatsu baƙaƙe ƙirin hagu da dama, ko ciyawa ɗaya babu a jikinsu, tsakaninsu kuma fari fat iya ganinka, tanti na bin tanti har gindin dutse. Can baya ga hasumiyoyi huɗu na Masallacin Khaifi. Ga jirgin ƙasan nan da aka buɗe a 2010, mai zirga-zirgar kilomita 18 tsakanin Arfa da Muzdalifa da Mina, yana tafe a kan gadarsa a sama da kawunan mutane. Tituna kuwa ba ka ganin kwalta, sai farin kaya na malala. Na ce a raina, wane Falgore, wane Mambila! Har na fara tsara yadda zan ba 'yan majalisa labari, da inda zan dakata in kurɓi shayi don su matsu. Na daki kafaɗar yaron na ce, "Ɗan samari, ƙara mata wuta!"

Ya ƙara mata.

Muna gangarowa daga gadar, dab da inda jama'a suka yi kauri, na ji an ɗan ja ni ta hagu. Ja ne mai ladabi, wanda za ka ce wani ne ke son yi maka magana. Na waiga, ba kowa. Aka sake ja, wannan karon da niyya. Kafin in sunkuya in duba, na ji fiiiit! Tayar baya ta kama haɓar haramina, ta zuƙe shi daga ƙarƙashin bel kamar yadda injin taliya ke zuƙe kwaɓi, ba gardama, ba saura. Babur ya yi tari sau biyu, taya ta cije, muka ja ƙasa muka tsaya cak a tsakiyar al'ummar Annabi.

Abin da na fara ji iska ce. Iskar nan da na yi shekaru ina roƙo. Ta zo ta inda ban taɓa zaton iska na da hanya ba.

Tun daga ranar nake maimaita waɗannan daƙiƙu a kaina, musamman in na kwanta. Ja na farko, da na kai hannu, da yanzu ba ku san ni ba. Amma waigawa na yi, har da ɗan murmushi, wai ko wani ɗan garinmu ne ya gane ni. Ja na biyu, nan ma da sauran dama, sai dai hannun dama na riƙe da laima, na hagu na riƙe da kafaɗar yaro, kuma zuciyata na can majalisa tana kurɓar shayi. Na uku kuwa ba ja ba ne, hukunci ne. Na ga farin ƙyallen da idona yana shigewa tsakanin wayoyin taya, yana nannaɗewa, yana komawa baƙi da man sarƙa. Na saye shi a kasuwar Kwari, mai kauri, mai tsada, mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa ba ya yagewa. Allah Ya saka masa, bai yi ƙarya ba. Da ya yage, da an bar mini rabi.

Ga abin da ya rage a jikina, don tarihi: bel, silifa, awarwaro mai ɗauke da sunan ƙasata, katin wuya mai hotona da cikakken sunana, da wata 'yar jakar rataye da ba ta fi tafin hannu ba. Wato duk abin da zai sa a gane ni yana nan, abin da zai rufa mini asiri ne kawai ya tafi. Mayafin da zai cece ni kuma ina zaune a kansa. In ɗauko shi, sai na tashi. In tashi kuwa, to.

Na buɗe laima. Fap! Na kifa ta a cinya. A nan na gano aibin laima wanda masu ƙera ta ba su taɓa faɗa ba: fuska ɗaya take karewa. Jama'a kuma ta ko'ina suke zuwa. Na juya 'yar jakar nan baya, na danne ta da hannun hagu, na ƙanƙame jiki, na zama gunki.

Wani dattijon Baturke ya dube ni, ya ɗaga kai sama, ya ci gaba da tafiya yana kallon sama har ya yi karo da na gabansa. Jagoran wani ayarin Indonesiya ya karkata tutarsa, ayarin gaba ɗaya ya yi kwana ya zagaye ni ba wanda ya ce uffan. Mutanen nan akwai tarbiyya. Wani Balarabe ya daka mini tsawa, "Haram ya Hajj!" sai ka ce shawara na yanke. Wani bawan Allah ɗan Pakistan, cikin masu fesa wa alhazai ruwa don neman lada, ya tsaya ya fesa mini a ka, ya fesa a kafaɗa, ya duba ƙasa, ya yi tunani, ya wuce.

Yaron yana durƙushe yana fama da taya.

"Baba, ɗaga kaɗan in juya ta."

"Ba zan ɗaga ba."

"Wallahi kaɗan, shuwayya bas."

"Yaro, ko shuwayyar shuwayya."

Ana cikin haka Allah Ya kawo mini taimako, ko abin da na ɗauka taimako ne. Wani tsoho ne ɗan firit, gemu fari, haraminsa tsaf ko lanƙwasa babu, da sanda a hannu da 'yar buta. Daga bakinsa na gane mutumin wajen Sakkwato ne. Ya tsaya a gabana, ya dogara sanda, ya dube ni tun daga kai har laima, ya zagaya baya ya duba, ya dawo gaba. Bai yi dariya ba. Da ma ya yi.

"Salamu alaikum. Alhaji, an yi Arfa lahiya?"

Na ce lafiya lau, Baba.

"Madalla. Ya gajiya?"

Na ce da sauƙi. Mutum tsirara a kan babur, amma gaisuwa sai da ta cika.

"To, ni dai abu guda na gani da ya yi mini daɗi," in ji shi, yana nuna cikina da sanda. "Wanga bel naka. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai harami ba shi ɗaura bel bisa zane, sai dai na guzuri, shi ma bisa hwata, ƙarƙashin zane. Yaran yanzu duk bisa zane suka ɗaura shi. Kai ko ga naka nan bisa hwata sosai. Ka dace da mazhaba."

Na ce, "Baba, na gode. Ko za ka taimaka ka..."

"Dakata. Ka yi jihwa?"

Na ce na yi, daga can nake.

Fuskarsa ta washe. "Jamratul Aƙaba? Bakwai cif? To ai kai ka huta! Wanda ya jefi Aƙaba ya yi ƙaramin kwance harami. Tuhwahi sun halatta gare ka. Sa wando, ɗiyana. Ba ka da laihi ko kaɗan. Sa wandonka."

Na dube shi. Shi ma ya dube ni, yana jira in sa.

"Baba, wandon yana tanti."

"Awo," in ji shi. "To wanga kuma sakaci na. Ni kullum da wando nika zuwa jihwa." Ya daki wata jaka da ke rataye a hammatarsa. Raina ya dawo. Na ce ko zai ara mini. Ya ce ai shi bai yi jifan ba tukuna, yanzu zai tafi, in ya ba ni me zai sa in ya gama? Na ce to mayafinsa fa, na minti biyu kacal, in tashi in kwance nawa. Ya ja mayafin ya ƙara rufe ƙirji, a cikin zafin da ke narka kwalta, ya ce yana da sanyin haƙarƙari, likita ya hana shi shan iska.

Ban taɓa jin ina son in rufe wani da duka ba irin ranar, ga shi an hana jayayya a aikin Hajji, ga shi kuma hannuwana biyu duk suna bakin aiki.

Ya gyara tsayuwa. Ya ce in rufe idona, wai kunya a ido take, in ban ga mutane ba abin zai yi mini sauƙi. Na rufe. Ya fi muni, domin kunne ya karɓi aikin, na fara jin dariya cikin harsunan da ban san da su ba. Na buɗe. Ya ce gobe in zan hau babur da harami in yi zaman mata, ƙafafu gefe guda. Ya juya ga yaron ya ce ya tofa Bismillah a sarƙar. Ya ce da man gyaɗa a kusa da an ɗiga. Sannan ya zura hannu a jaka ya ɗauko dabino ɗaya, ya miƙo mini, ya ga ba hannun karɓa, sai kawai ya sa mini a baki. Ina zaune da dabino a baki, ban iya magana, ban iya tofar da ƙwallo, shi kuma ya samu fili.

"Mahaihina da ƙahwa ya zo wanga wuri," in ji shi. "Ta Yarwa, ta Fallomi, ta Abeshe, ta Fashir. Ya tsaya Jazira ya yi noman auduga ya tara guzuri, kana ya tai Suwakin ya shiga jirgin ruwa. Shekara bakwai yana tahiya. Zanenai bai taɓa hwaɗuwa ba ko sau guda. Kai an ɗauko ka cikin jirgin sama, awa biyar, dubi yadda ka koma."

Haka ne, dubban Hausawa sun bi wannan hanya, wasu ma ba su ƙarasa ba, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. A wani wuri da na tambaye shi ƙarin bayani. Amma darasin tarihi yana da lokacinsa.

Sai ya ɗaga kai ya hango wani allo, ya ƙanƙance ido, ya ja da baya taku ɗaya.

"Subhanallahi. Alhaji, ka san inda kake zaune?"

Na girgiza kai, da dabino a baki.

"Wadi Muhassar na! Tsakanin Mina da Muzdalihwa. Nan anka ce an halaka rundunar giwaye. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, da ya zo nan sai da ya zaburi raƙumarsa. Ba a zama nan! Sunna a wuce da sauri. Tashi, ɗiyana, tashi ka yi sauri!"

Duk faɗin Mina, duk tsawon hanyar da muka biyo, a ce tayar nan ba ta ga inda za ta cije ba sai wurin da aka ce kar a tsaya. Tsohon nan har da ɗaga mini sanda yana kora ta, shi kansa kuma bai motsa ba, don bai ga ƙarshen labari ba.

Nan muka ji jiniya daga nesa. Yaron ya miƙe zumbur, ido ya raina fata. Ya zaro wata 'yar aska daga aljihu, ya shiga yanka haramina gunduwa-gunduwa yana fizgowa yana watsarwa. Ina kallo kuɗina na zuba a kwalta. Taya ta saki. Ya haye, ya buga kiki, babur ya tashi.

"Baba, sauka! Askar! Wallahi sauka, ko in tafi da kai!"

Na auna zaɓin biyu. In sauka a nan haka, ko in zaga Makka haka. Ban gama aunawa ba na ji wani abu ya faɗo mini a ka ya rufe ni ruf, duniya ta koma kore da ruwan ɗorawa. Daga bayana wata murya ta mace, ta manyanta, ta ce, "Ungo, bawan Allah, rufa. Allah Ya shirya." Zane ne, atamfa. Na diro da shi, na naɗa a ƙugu da saurin da ban san ina da shi ba, na juya in ce yaro dakata in kwance mayafina.

Kun tuna robar?

Na hango shi can yana kutsawa cikin jama'a, mayafina ɗaure tamau a kariya, ninki huɗu, bai zame ba ko kaɗan. Aikin yaron nan yana da kyau. Na waiga neman mai zane, ita ma ta shige cikin dubban hijabai, ko gefen fuskarta ban gani ba. Motar askar ta zo ta wuce, ashe ma ba ta mu take ba, marar lafiya take buɗe wa hanya.

Na tofar da ƙwallon dabino. Tsoho ya matso ya kama gefen zanen ya murza, ya duba baki-baki.

"Ba ɗinki," in ji shi. "Ko da ba ka yi jihwa ba, ya isar. Fari dai ya hi, amma ya isar." Ya ɗauki butarsa. "Allah Shi karɓa muna. In ka koma gida ka yi sadaka." Ya nufi Jamra yana dogara sanda, cikin natsuwar wanda ya gama taimakon ɗan'uwansa Musulmi.

Sauran tafiyar da ƙafa na yi ta: ƙato mai tumbi, ba riga, da atamfa kore mai zanen kifi, da laima a sama yanzu, inda Allah Ya nufe ta da zama. Wani abin haushi, tantin namu ashe bai fi tafiyar minti goma daga wurin ba. Ina ɗaga labule aka yi tsit. Mutumin Gaya ne ya fara magana, ya ce, "Hajiya, ɓangaren mata yana gaba." Har muka bar Mina bayan kwanakin jifa ba wanda ya sake kira na da sunana, kuma a jirgin dawowa ma wani ya tashi ya ba ni kujerar bakin taga, wai a girmama iyaye mata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Zanen na wanke shi, na ninke, na sa a ƙasan jaka da niyyar in yi cigiya, hidimar tsaraba ta mantar da ni. Muka sauka Kano, aka yi murna, aka watse. Da dare maiɗakina ta zauna rabon kaya: dabino nan, bagaruwa nan, carbi nan, jallabiyar yara nan. Sai na ji shiru. Na leƙo, na gan ta riƙe da atamfa kore, tana shinshinawa.

"Alhaji, wannan tsarabar wace ce?"

Na ce zauna in ba ki labari.

"Tsaraba dai sabuwa ake sayowa. Wannan ta sha wanki. Ga ma ƙulli a haɓarta." Ta kwance ƙullin, sai ga ɓarin goro ya bushe.

Na ba ta labari tun daga Aziziyya har Wadi Muhassar, ban rage komai ba, har dabino. Ta saurara har ƙarshe, ta ce tunda muka yi aure ban taɓa shirya zance mai kyan wannan ba, kuma a bakin wanda ya dawo daga ɗakin Allah. Shaiduna uku ne. Ɗaya ya gudu da mayafina, ɗaya ban tambayi sunansa ba, ta ukun ban ga fuskarta ba. Abokan tantina kuwa abin da suka gani kawai shi ne na fita da harami na dawo da zanen mace, kuma mutumin Gaya ya riga ya faɗa wa matarsa, matarsa kuma 'yar ƙawar yayar maiɗakina ce.

Saboda haka, Hajiya, ke da kika jefa wa wani bawan Allah zane kore mai kifi ranar Sallah da hantsi tsakanin Mina da Muzdalifa, in wannan rubutu ya iso gare ki, ko wani ya karanta miki, don girman Allah ki aiko a karɓar miki zanenki, kuma ki haɗo da wanda zai yi wa maiɗakina bayani. Kuɗin mota a wuyana. Baba na Sakkwato kuma, in kana ji, kai ba sai ka zo ba.